Abin da Ke Shawagi a Ɗakin Shafa'atu

Litinin, 25 ga Mayu, 1992. Bayan Asuba.

A liƙe tagar ɗakin Shafa'atu da takardar siminti kafin in tafi aiki.

Litinin, bayan La'asar.

Na liƙe. Tagar ce ke kallon titi, kuma tun da aka ba mu jiha manyan motoci ba su huta ba: siminti da rodi zuwa Birnin Kebbi, albasa zuwa Kudu. Duk a mahaɗar Jega suke tsayawa su bar inji yana ci. Hayaƙinsu nake zargi. Matata ta shiga mako na biyu tana numfashi kamar ana busa 'yar sarewa a ƙirjinta. Ba ta taɓa yin fuka ba, ko tana yarinya. Na sake tambayarta yau, ta ce, "Malam, ko alƙali sau guda shika tambaya."

A asibiti sun ba ta ƙwayoyi, suka ce a kula saboda halin da take ciki. Ba zan rubuta halin ba. Wannan karon ya wuce inda na baya suka tsaya, iyakar abin da zan ce ke nan.

Laraba, 27 ga Mayu, ƙarfe goma na safe, a makaranta.

Jiya da hantsi na leƙa ta. Ashe na bar 'yar kafa a takardar, rana ta shigo ta nan ta miƙe kamar sanda a tsakiyar ɗakin, abubuwa suna ta shawagi a ciki, wasu na hawa wasu na sauka. Na tsaya ina kallo har ta ce ko na yi mantuwa ne. Ta ƙofa suke shigowa, ina ji.

Mene ne su? Shekara da shekaru ina wanke gilasai a ɗakin gwaje-gwajen makarantar nan, ina goge maikuroskof, madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ina ajiye wa ɗalibai, ban taɓa tunanin in duba abin da muke shaƙa ba. A wani tsohon littafin ɗalibai da bangonsa ya cire na ga cewa in aka shafa wa ɗan gilashi basilin aka bar shi a waje, duk abin da ke yawo a sama zai manne. Ni ba malamin kimiyya ba ne, sakandare na tsaya. Amma shafa basilin ba ya neman digiri.

Na shafa. Ɗaya zan ɗora kan katangar tasha.

Alhamis, 28 ga Mayu, bayan Magariba.

Ta ɗan ji dama da rana. Na dawo na ishe su a ɗakin ita da Goggo Kaltume, ƙanwar mahaifina da ta rene ni, suna juya gabu. Lawashin albasa ne da Goggo ta daka da rani, ta cura, ta shanya, tana jiran damina ta yi nisa ya yi daraja. Ruwan farko ya sa soronta ya yi yoyo, shi ya sa aka kwashe buhunan zuwa ɗakin Shafa'atu, don shi kaɗai ne mai kwano. Kullum da safe sukan zazzage buhu ɗaya a tabarma su goge wanda ya yi baƙi da tsumma. Goggo ta ce aikin zaune ne, yana ɗebe wa yarinyar kewa. Hira suke suna dariya. Na ji daɗin ganin haka.

Asabar, 30 ga Mayu, da hantsi.

Na duba gilashin tasha. Ban san abin da na yi tsammani ba, amma ba wannan ba. Gari guda ne a kan abin da bai kai yatsa ba. Akwai baƙaƙen gutsattsari marasa siffa, wannan na hayaƙi ne. Akwai zare, ja da shuɗi, na tufafin mutane. Akwai wani abu kamar ɗan gashin tsuntsu, wataƙila daga fiffiken ƙwaro. Akwai wasu manya masu ƙaya-ƙaya, rawaya, ina zaton garin fure ne. Sai wasu ƙanana ƙwarai, kewayayyu, launin ƙasa mai duhu, nan ɗaya can biyu.

Na zana su duka a bayan wannan shafi. Zanen bai yi kyau ba.

Abin da ya tsaya mini: ba duka ne matattu ba. Wasu iri ne. Muna tafe kan titi muna shaƙar iri.

Litinin, 1 ga Yuni, bayan Azahar.

Jiya na je Aliero wajen Almu, abokina dillalin albasa. Ana ta buɗe rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ana tsince wadda ta lalace kafin a loda. Masu tsincewar tari suke, ba wanda ya kula. Na ɗaga ɓawon wata, ƙarƙashinsa baƙin gari kamar toka. Na ce da Almu zan bar gilashi a kan gungumen rumfarsa.

Ya ce, "Abdussalami, mutane na ɗana tarkon gahiya, kai kana ɗana ma ƙura. In ta kamu ka soya, ka aiko man da cinya."

Na ce ya dai hana a taɓa.

"Wa ka taɓa shi? Sai su ce asiri na. Ina mai ɗakin?"

Na ce da sauƙi. Ya dube ni, ya koma kan albasarsa.

Talata, 2 ga Yuni, bayan La'asar.

Direban da Almu ya ba gilashin ya kawo shi cikin kwalin ashana. Baƙi ƙirin, da ido ma ana gani. A madubi kuwa ƙananan kewayayyun nan ne, na tasha da na gani ɗaya-ɗaya, amma a nan kamar an zubar da kwanon gero. Wasu a jere suke, a sarƙe, kamar carbi ya tsinke. Na kankaro kaɗan na barbaɗa kan guntun burodi mai laima na kifa kofi a kai.

Shafa'atu kam, ba da sauƙi ba. Ban san me ya sa na ce wa Almu haka ba.

Alhamis, 4 ga Yuni, da yamma.

Yaya Barau, wan Shafa'atu, ya zo daga Mungadi a kan keke. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya shiga ya gan ta, ya fito bai zauna ba.

"Malam, ba ni son maganar da za ta ɓata zumunta. Amma yarinyar ga ba haka na kawo ta ba."

Na ce ana magani.

"Ana yi. Garin ga naku na ba shi karɓe ta ba. Mu can in ka buɗe baki iskar Allah ka shiga, nan kau sai hayaƙin gas. Bayan Sallah ina zuwa. In na ishe ta haka, da ita nika komawa, kuma ba ni aje ranar maido ta."

Yana da gaskiyarsa. Shi ya tsaya a kaina har aka ba ni ita, kuma shi ya zo duk lokutan da aka yi zaman da ba na son tunawa. Na roƙe shi ya tafi da gilashi ɗaya ya ɗora kan danga a gida. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Wanga man leɓe na." Amma ya sa a aljihu.

Juma'a, 5 ga Yuni, kafin masallaci.

Burodin ya tsiro. Fari-fari da farko, yau ya yi baƙaƙen kawuna kamar an caccaka allurai. Fumfuna ce. A madubi kowane kai kamar tumfafiya ta fashe, kewaye da 'ya'yan nan. Ashe abin da na kamo daga sama 'ya'yan fumfuna ne, kuma da rai suke.

Na yi murna, sai kuma na ji kunyar murnar. Aliero ba nan ba ce. Me ya haɗa wannan da ƙirjin matata? Wataƙila ba komai. Wataƙila wasa nake da gilasai don kada in zauna a gida in ji sarewar.

Lahadi, 7 ga Yuni, da hantsi.

Asibiti.

Lahadi, bayan La'asar.

An yi mata allura. Leɓɓanta sun dawo kalarsu. Unguwarzoma ta ɗora kunne ta daɗe, ta ce ba abin da ya taɓu. Na fita bayan gini na tsaya.

Litinin, 8 ga Yuni, bayan Azahar.

Ta kwana lafiya, ta ci tuwo, har tana tsokanar Goggo wai ta kawo miya ba gishiri. Na zauna kusa da gadonta ina kallon taga. A buɗe take, ba ko labule. Titin Yawuri ga shi nan, tirela ta wuce ta bar mana hayaƙi har na yi tari. Ita ko gezau.

Na riƙa juya wannan a raina duk hanya. Allurar ce, mai yiwuwa. Allura tana da ƙarfi.

Talata, 9 ga Yuni, da safe.

An sallame ta jiya da yamma. Ba ta yi awa guda a ɗakinta ba sarewar ta dawo.

Na kai gilashi tasha, na kai Aliero, na aika Mungadi. Ban taɓa sa ko ɗaya a ɗakin da take kwana ba. A raina ɗakin nan shi ne mafaka, waje ne abokin gaba. Na sa ɗaya a kan akwatinta kafin mu kwanta, na ɗauke yanzu.

Talata, ƙarfe sha ɗaya.

Kamar na Aliero. Na wanke idon madubin, na sake dubawa, na ɗauko na Aliero na jera su. In ba don alamar da na yi da jan biro ba, ba zan bambance su ba.

Talata, bayan Magariba.

Na fasa curin gabu ɗaya a bayan gida. Waje an goge shi tas. Ciki baƙi.

Na yage takardar taga. Ni na liƙe ta, na rufe matata da abin kamar yadda na kifa kofi kan burodi. Na ce Shafa'atu ta koma ɗakina, wai ya fi sanyi. Goggo ta tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu ta ce, "Macce da nauyi, a turaka, da rana tsaka? Mi mutane za su ce?" Na ce zafi ne, Goggo.

Alhamis, 11 ga Yuni, ranar Sallah, bayan Azahar.

An yi layya. Goggo ta yi miyar da ta saba, da gabunta, kowa na santi. Na ci.

Ta yaya zan gaya mata? Da gabu da ƙuli ta ciyar da ni bayan rasuwar Baba. Wannan na bana da hannunta ta daka shi a tsakiyar zafin rani, ita kaɗai. Kuma ba wanda ya kai ta tattalin Shafa'atu, ita ke hana ta ɗaukar ko tulu. Aikin gogewar ma don tausayi ta ba ta shi.

In kuma ba shi ba ne fa? Gilashi ya nuna abin yana nan, bai ce shi ne mai laifi ba. Goggo tana shaƙar sa ba ta ko atishawa. Ni ma haka. Amma ba kowa ƙaiƙayi ke kamawa a masussuka ba.

Shafa'atu ta fi jiya. Ba ta warware ba, ƙofar ɗakin nata na kallon tawa.

Juma'a, 12 ga Yuni, da yamma.

Barau ya cika alkawari. Ya zo da hayar a-kori-kura. Ya miƙo mini gilashina a naɗe cikin ganyen kalgo, ya ce kaza ta so ta cinye shi. Na ce ina ganin na gano abin, ya ba ni mako ɗaya. Ya ce, "Ka gano shi tana can." Ban yi musu ba, don ni ma na san can ya fi mata yanzu.

Da za ta hau, Shafa'atu ta ce a hankali, "Malam, ka hwaɗa ma Goggo. Na ga kana hwasa gabu bayan gida. In ba ka hwaɗa ba ni ba ni iyawa."

Gidan shiru.

Asabar, 13 ga Yuni, da hantsi.

Na Mungadi: ƙasa, garin fure, gashin akuya, ƙafar wani ƙwaro. Na baƙaƙen nan sai da na yi ta nema kafin in ga 'yan kaɗan. Har can suna nan. Ko'ina suna nan, ashe, yawa ne ya bambanta.

Lahadi, 14 ga Yuni, bayan La'asar.

Na nemi izini na kawo madubin gida a cikin kwali, naɗe da tawul. Na ajiye shi kan turmi a inda rana take. Na ce, Goggo, zo ki ga wani abu.

Ta sunkuya ta daɗe. Ta rufe ido ɗaya da hannu, ta sake sunkuyawa.

"Mi kig gani?" na ce.

"Gashin idona."

Na gyara mata. Ta ce yanzu wata ta gani, farin wata, da ɗigo-ɗigo. Na ce ɗigon nan su ne, daga ɗakin Shafa'atu na kamo su, kuma daga cikin gabu suke fitowa. Na fasa curi a gabanta. Na kawo burodin ma. Na yi ta bayani, na yi tsawo, na san na yi tsawo.

Ta miƙe ta gyara zane.

"Wato ni ka kashe ta."

Na ce ba haka na ce ba.

"Da gabun ga anka sai maka littahin da kaka karanta man yanzu. Uwata ta yi shi, kakata ta yi shi, a ɗaki suka kwana da shi. Wa ya mutu?"

Na ce nasu bai sha yoyo ba, kuma ba su liƙe taga ba, wannan ni na yi. Na ce ban tabbata ba, Goggo, wallahi ban tabbata ba, amma ba ni da ƙarfin da zan sake gwadawa da ita.

Ta shiga ɗakinta ta saki asabari.

Litinin, 15 ga Yuni, bayan Magariba.

Ta ajiye mini tuwo a rufe a bakin ƙofa. Ba ta amsa gaisuwa da baki ba.

Talata, 16 ga Yuni, bayan Magariba.

Haka.

Laraba, 17 ga Yuni, ƙarfe uku.

Na dawo aiki na ishe motar Almu a ƙofar gida. Goggo ce ta aika masa. Ta riga ta jawo buhunan zuwa tsakar gida ita kaɗai, ta ɗauki sanda za ta kakkaɓe tabarmar. Na riƙe sandar na ce a jiƙa tukuna, in an buga tashi za su yi. Ta sakar mini.

"Kada ka ɗauka na yarda," ta ce. "Ni ban ga komi ba cikin madubinka. Amma an ce in kana shakkun ruwa kada ka ba jinjiri."

Ita ce ta fara furta kalmar a gidan nan. Dukanmu muka dubi wani waje.

Almu ya zazzage buhu ɗaya ya tsince. Wajen rabi yana da kyau, zai kai rumfarsa ya sake shanyawa a sayar. Sauran rami. Goggo ba ta tsaya ganin ramin ba. Da yana tafiya ya ce, "To, mai tarko, ka kama. Sai dai naman na Goggo na." Ba wanda ya yi dariya sai ita, kaɗan.

Mun wanke ɗakin da ruwa da sabulu, bango da ƙasa da ƙarƙashin gado. Katifa tana rana.

Juma'a, 19 ga Yuni, bayan La'asar.

Na je Mungadi ta Maiyama. Na ishe ta zaune a inuwar ɗorawa tana tsinkar zogale, ba sarewa, ko kaɗan. Barau ya ce, "Ka gani? Iskar gida." Na ba shi labarin gabu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani nan tana numfashi. Ya ce ta zauna har ta sauka, har arba'in. Ba ni da hujjar da ta fi tasa. Duk bayanin nan biyu sun dace da abin da ake gani, nasa da nawa.

Shafa'atu ce ta ajiye zogalen.

"Yaya, ɗakina nika son in haihu, hannun Goggo. Malam, ka ci gaba da aza gilashin. Ran da ya hito kamar na nan, ka zo da shi Yaya shi gani, ka tai da ni. In na kwana huka ta taso, da sahe ka maido ni, ba ka jin bakina."

Barau ya ce shi me zai gani, an ce Goggo ma gashin idonta ta gani. Ashe labarin ya riga ni zuwa, ta bakin direbobin Almu. Daga baya ya ce, "Shi ke nan. Amma ni ka riƙe madubin da kaina."

Asabar, 20 ga Yuni, bayan Magariba.

Gilashin ɗaki na yau: sun ragu ƙwarai, amma sun fi na Mungadi. Ina zargin silin, tabarmar kaba ce, ta sha. Ko katifar. Ko kuma hannuna ne ke ɗauke da su daga burodin nan, wanda ya kamata in zubar tun tuni, sha'awar kallonsa ta hana ni.

Goggo ta tambaya, ba ta dube ni ba, "Ɗigon nawa suka saura?" Na ce da saura. Ta ce to a sake wanki.

Gobe, in Allah ya kai mu:

A sauke silin, a jiƙa kafin a taɓa.
A binne burodin.
A nemo magini ya duba soron Goggo kafin ruwa na gaba.
Basilin ya ƙare.
A mayar da madubi, a sake neman izini na Juma'a.
A tambayi farashin katifa.
Gidan sauro, ƙarami. A sayo, a ba Goggo ta ajiye.